Da aka ce ana yi wa kifi ekografi



Kwanan baya muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu, sai wani yaro ya miƙo salula ya ce mu zo mu ga abin mamaki. Bidiyo ne na wasu Turawa, sun kwantar da kifi cikin kwano mai ruwa, ɗayansu na goga masa irin abin nan da ake goga wa mai juna biyu a ciki, hoto kuma na fitowa baƙi da fari a kan allo. Fada ta kece da dariya. Wani ya ce saura a yanka wa kifin katin awo. Wani dattijo da ke gefe bai ko murmusa ba, ya ce: "Ku dai ku yi ta dariya, yara. Mu sai da muka yi tafiyar rabin yini da matar ɗana kafin aka ga kwanciyar abin da ke cikinta, su kuwa ga shi har kifinsu ya samu." Daga nan dariyar ta mutu.

Maganar Baba gaskiya ce, kuma da ita za mu fara don kada a yi mana mummunar fahimta. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki ekografi aƙalla sau ɗaya kafin cikin ya kai mako 24. Mata nawa ne a ƙauyukan Urafan, Korgom, Cake ko Issawan ke samun wannan? Kowa ya san amsar a garinsu. Saboda haka duk na'urar da aka sayo don mutane, ko na minti ɗaya ba mu yarda a karkata ta ga kifi ba. Wannan ba ta da ja.

To amma da muka koma gida, bidiyon nan ya ƙi fita daga ranmu, saboda ya tuna mana da wata asara da muke yi kowace shekara muna kiranta rashin sa'a.

Ƙasarmu ba ƙasar kogi ba ce. Gulbin Kaba da ya ratsa Mayahi ya daɗe da zama kwari, kaba da goruba ne arzikinsa. Babban ruwan jaharmu shi ne tabkin Madarunfa, mu kuwa nan abin da muke da shi tabkuna ne da damana ke cikawa a watan bakwai da na takwas, mafi yawansu su ƙafe kafin bazara ta yi nisa. Cikin waɗannan ƴan watanni ne ma'aikatan gandun daji da furoje-furoje ke zuba ƴaƴan tarwaɗa da karfasa, masunta su jira. Yanzu kuma ga samari sun shiga kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol a cikin gida, kusa da famfo ko rijiyar burtsatse. Abu ne mai kyau, don kifin da ɗan Nijar ke ci a shekara bai kai kilo 3 ba, alhali matsakaicin na duniya ya kai kilo 20. A jahar da har yanzu ba ta manta da tamowar yara ta 2005 ba, kowane kwanon kifi da ya shiga tukunyar ƙauye abin murna ne.

Sai dai ta yaya muke sayen irin? Cinikin biri a sama muke yi. A kawo maka ƴaƴan kifi cikin jarka, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, ka leƙa ka ga suna wutsil-wutsil, ka ƙirga kuɗi. Mun san wasu samari a nan da suka haɗa jari suka sayo irin daga wani mai ƙyanƙyasa, suka yi wata biyu suna zuba abinci safe da yamma. Da kifin ya fara tasowa sai ga wasu da baya a karkace kamar lauje, wasu gajeru kamar an datse su, wasu kuma ƙoƙon kansu ya tsage. Mai irin ya ce abincinsu ne. Mai abinci ya ce ruwansu ne. Wani maƙwabci ya ce baki ne. Har aka kwashe tankin babu wanda ya san gaskiya, kuma da yake ba a san ta ba, bana ma haka za a sake shiga. Kuɗin abinci shi ne fiye da rabin abin da mai kiwon tarwaɗa ke kashewa, kifin da ya karkace kuwa yana ci kamar kowa amma ba ya cika sikeli. Wanda ya zuba a tabki ma asararsa ta fi, domin shi ba ya da damar sake gwadawa sai wata damanar.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Shi kifi fuskarsa ba ta gaya maka komai. Abin da ke damunsa yana ciki, kuma nan ne waɗannan na'urori ke da amfani.

Mu fara da radiyo, ba ta saurare ba, ta hoton ƙashi. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano wannan haske a 1895. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a 1896, wasu masana biyu a birnin Biyana na Ostiriya, Josef Eder da Eduard Valenta, suka buga hotunan da suka ɗauka da shi, cikinsu har da na kifaye, ƙaya-ƙaya ana ganin komai. Ashe ke nan kusan tare kifi da ɗan Adam suka shiga radiyo.

Inda abin ya zama kuɗi shi ne Norwe, ƙasar da ke kiwon kifin samon sama da tan miliyan ɗaya a shekara. A shekarun 1990 su ma sun sha fama da irin matsalar samarinmu: kifi mai gajeren jiki, mai doro, mai karkataccen baki. Ba su tsaya a kan zargin juna ba. Masu bincike suka riƙa ɗaukar hoton ƙashin kifi tun yana ƙarami har ya girma, suna rubuta irin ruwan da ya taso a ciki da irin abincin da ya ci. Hotunan suka nuna gaɓoɓin ƙashin baya da suka manne da juna ko suka lotse, tun kafin ido ya ga alama daga waje. Da aka bi sawu, sai aka tarar da manyan dalilai biyu: ɗumama ruwan ƙwai fiye da digiri 8 don a gaggauta ƙyanƙyasa, da ƙarancin sinadarin fosfora a abinci lokacin da ƙashi ke ginuwa. Suka rage zafin ruwan, suka gyara abincin, matsalar ta ragu sosai.

Kada wani ya ɗauki digiri 8 ya kai wa tarwaɗarsa, samon kifin ruwan sanyi ne, namu kuwa ɗan zafi ne. Abin ɗauka shi ne wannan: ɓarnar tana faruwa da wuri, a makonnin farko, amma ba ta bayyana sai bayan an ci kuɗinka na watanni. Hoton ƙashi na iya raba gardama tsakanin mai iri da mai abinci, domin in ƴaƴan kifin sun zo da ƙashi lafiya daga baya suka lalace, an san inda za a duba. In kuwa da laifinsu suka zo, shi ma an sani.

Game da tarwaɗa ma ba daga sifili za a fara ba. Masana sun daɗe da danganta tsagewar kai da karyewar baya da ƙarancin bitamin C, wanda jikin kifin ba ya iya haɗawa da kansa sai ya samu a abinci. Shi kuma bitamin C ba ya jure zafi da daɗewa a ajiye. To ku tuna da buhun abincin da ya kwana wata da watanni a shago mai rufin kwano, cikin zafin watan huɗu da na biyar da ke haura digiri 40 a nan. Buhun yana nan da hatiminsa, kuɗinsa bai ragu ba, amma wani abu a cikinsa ya riga ya mutu. Wa ya taɓa auna wannan a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi? Aikin ɗalibi ɗaya ne na shekara guda, da tanki huɗu da ƴan hotuna.

Sai ekografi, wadda ta ba mu dariya. Ita ba haske take aikawa ba, sauti ne wanda kunne ba ya ji. Ya shiga jiki ya dawo kamar amsa-kuwwa, na'ura ta mai da shi hoto. Ruwa na ɗaukar wannan sauti da kyau, shi ya sa kifi ba ya buƙatar man da ake shafa wa mace a ciki, a cikin ruwansa ake duba shi. A ɗiga ɗan man kanumfari ya lafa, a duba, a mai da shi ruwa mai tsabta ya farfaɗo. Kuma Allah da ikonsa, tarwaɗa ba ta da ɓawo a fata, saboda haka hotonta ya fi na kifi mai ɓawo fitowa.

A Faransa da Italiya da Sin, masu kiwon wani babban kifi da ake kira sitajan, wanda ƙwansa ke da tsadar gaske, da ekografi suke raba mace da namiji. Daga waje ba a gane su, ga shi sai macen ta shekara bakwai ko fiye kafin ta yi ƙwai. Wa zai ciyar da namiji duk tsawon wannan lokaci a banza? Mu ba wannan ce matsalarmu ba, duk mai ƙyanƙyasa na gane namijin tarwaɗa da ɗan tsiron da ke ƙasan cikinsa. Tamu matsalar ita ce nuna.

Ga yadda ake yi, don wanda bai taɓa gani ba. Tarwaɗa ba ta zuba ƙwai da kanta a tanki. Sai an zaɓi uwa, a yi mata allura irin su Ovaprim, a jira awa bakwai zuwa goma sha biyu gwargwadon zafin ruwa, sannan a matse cikinta ƙwan ya fito. Uwa mai kilo ɗaya na iya ba da ƙwai sama da dubu 50. Shi kuwa namiji ba a iya tatsar maniyyinsa da hannu, yawanci sai an yanka shi an ciro marainansa. Duk wannan da ƙiyasi ake yinsa: a taɓa cikin uwa a ji ya yi laushi, a ce ta nuna. Wani lokaci ƙwai ne, wani lokaci kitse ne ko abincin jiya. In aka yi wa uwar da ba ta nuna ba allura, an yi asarar allurar, an wahalar da uwar, ƙwan da ya fito kuma rabinsa ba ya ƙyanƙyashewa. In aka yanka namijin da aka ciyar shekara guda aka tarar babu komai a ciki, to sai dai a yi miya da shi, ga kuma ƙwai a kwano yana jira, shi kuwa ba ya jira. A Jami'ar Jihar Luwiziyana ta Amurka an yi shekaru ana amfani da ekografi wajen duba jakar ƙwan wani dangin tarwaɗa da suke kiwo a can, don a san wadda ta isa allura da wadda za a ƙara wa lokaci. Gani ya kori ji.

Akwai ta uku, sikana, wadda ke yanka jiki hoto-hoto ba tare da wuƙa ba. Godfrey Hounsfield na Ingila ne ya ƙera ta, aka fara gwada ta kan marar lafiya a 1971. A Norwe da kuma garin Kaposvár na Hangari an yi amfani da ita wajen auna tsoka da kitsen kifi yana raye, don a zaɓi iyayen da suka fi nama. Wannan kam ba tamu ba ce yanzu, kuma duk wanda ya zo da furojen sayen sikana don kifi a jahar da marar lafiya ke neman ta, mu ne za mu fara tsayawa a gabansa. Abin da za mu iya ci daga gare ta kyauta ne: wani malami a Jami'ar Washinton mai suna Adam Summers ya ɗauki aniyar sa kowane nau'in kifi na duniya a sikana, su kuwa sun haura dubu 30, kuma dubban hotunan da aka riga aka yi suna intanet, ɗalibin Maraɗi na iya saukewa.

Me ya sa muke ganin maganar ta zama ta gaggawa? Saboda abin da muka gani da idonmu. Bayan 26 ga watan Yuli na 2023 aka rufe iyaka da Najeriya, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Duk mai tanki ya san yadda iri da abinci suka yi wuya a wannan tsakanin, domin galibinsu daga can suke shigowa. Ba laifin ƴan uwanmu na Katsina da Kano muke gani ba, sun riga mu nisa a wannan sana'a, suna da cibiyar binciken kifi a Sabuwar Busa kusa da Kainji, da sassan likitan dabbobi a Zariya da Sakkwato da ya kamata mu je mu koya. Amma wanda irinsa ke hannun wani, ranar da aka rufe ƙofa sana'arsa ta tsaya. Dole a samu wuraren ƙyanƙyasa namu, masu inganci, kuma a lokacin da ake kafa su ne ya fi sauƙi a kafa su da awo da rubutu, kafin kowa ya saba da ƙiyasi.

Abin da muke roƙo ƙarami ne. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi na da tsangayar aikin gona da muhalli. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, na da reshe a Tarna. Ga ma'aikatar kiwo, ga ta gandun daji. A tsakaninsu a samu ekografi ɗaya ta dabbobi, irin ta hannu mai batir. Yau akwai waɗanda ake jona wa salula; ɗaya daga cikinsu, Butterfly iQ, ta fito a kan kusan dalar Amurka 2,000, wato miliyan ɗaya da ƴan kai na sefa. Mun sha ganin taron bita na kwana biyu da ya ci fiye da haka, aka tashi da hoto da ruwan leda.

Kuma kada a ce na'urar za ta zauna tana jiran kifi. Ita ɗin ce dai ke nuna cikin akuya da tunkiya tun yana da kamar wata guda. Mu ne masu jar akuyar Maraɗi da duniya ta san fatarta, wadda aka kafa wa cibiya ta musamman tun shekarun 1960. Akuya nawa mai ciki ake kaiwa kasuwa a sayar wa mahauta ba a sani ba, sai an feɗe a ga ƴaƴa biyu? Mace nawa a ƙauye ke ciyar da akuya wata biyar tana jiran haihuwar da babu ita? Ma'aikaci ɗaya da babur da wannan na'ura zai iya bin kasuwanni ran kasuwa yana duba bisashe, lokacin ƙyanƙyasa kuma ya duba iyayen kifi. Ta wannan hanya ce za ta biya kuɗinta, ba kuma a taɓa ta asibiti ba.

Mu kuma faɗi abin da ba za ta yi ba, kada mu zama masu tallar magani a tasha. Ba za ta hana tabki ƙafewa ba, ba za ta hana ɓarawon dare ko mai zuba maganin ƙwari ba. Ba za ta gyara ruwan da aka bari ya yi wari ba. Ba za ta nuna maka kai tsaye cewa mai iri ya shekara biyar yana haɗa wa da ƙanwa ba, sai dai ta nuna sakamakon. Kifin da ya riga ya mutu ma, wuƙa da ido mai lura sun isa su gaya maka abubuwa da yawa; tsofaffin masuntanmu da sarakunan ruwa sun san cikin gaiwa da tarwaɗa fiye da mai digiri da yawa, sai dai ba wanda ke zuwa da littafi ya zauna gabansu. Kuma mafi yawan tankunan da muka leƙa ba su da ko ma'aunin zafin ruwa na ƴan jikkuna, balle sikeli, balle littafin rubuta abin da aka zuba da abin da ya mutu. Hoto ba ya magana shi kaɗai. Likitan da ya ga radiyonka sai ya tambaye ka yaushe ciwon ya fara. Mai binciken kifi ma haka zai tambaya, in ba a rubuta ba kuwa hoton ya zama ado.

Shi ya sa akwai rabon aikin da ke kanmu tun kafin wata na'ura ta iso. Magadan gari da ƙungiyoyin masunta da ke karɓar iri daga furoje, ku daina sa hannu a kan takarda don an ce dubu kaza aka kawo. Ku tambayi inda aka ƙyanƙyashe su, da ranar, da irin abincin da suka fara ci. Ku ɗebi ɗari ku zuba a farin kwano ku duba ɗaya-ɗaya da rana tsaka, ku ƙirga masu karkataccen baya da masu guntun murfin kunne, ku rubuta. Ku ware ƴan kaɗan a tanki daban na wata guda ku ga yadda za su taso. Mai tanki kuma ya dubi kwanan watan da ke jikin buhu kafin ya biya, ya ajiye shi a inuwa, bisa katako, kada ya sayi na wata uku lokaci guda a cikin bazara.

In kuma kifi ya fara karkacewa ko kansa ya tsage, kada a jefa wa kaji a yi shiru don kunya. A ɗauki hotonsa da salula, ta sama da ta gefe, a ajiye kwalin ashana kusa da shi don a gane girmansa. A rubuta ranar da aka zuba shi, wurin da aka sayo, sunan abincin da kwanan watan buhun. A sa biyar ko goma a leda, a kai firijin mai ƙanƙara, a sanar da ma'aikacin gandun daji ko na kiwo na gundumar. Faranti ɗaya na radiyon dabbobi na ɗaukar ƙananan kifi fiye da goma a jere, kuma daskararre ma ƙashinsa na fitowa.